Karta Tsakanin Mutum Biyu



A Abossey Okai, bayan an rufe shagunan kayan gyaran mota, mukan ga samari biyu-biyu a kan benci, karta a hannu, sidi a ƙarƙashin dutse. Wasunsu har sun koyi poka. Wai ba caca ba ce, gwanintar karanta fuska ce.

To, mu duba. Idan mutum tara suka zauna poka, kana iya ajiye kartarka ka jira wani zagaye. Idan ku biyu ne babu wannan hutu: kowane zagaye sai kowannenku ya zuba kuɗi kafin ya ga kartarsa. Abin da ka ci kuwa daga aljihun wanda yake kallonka ya fito, sau da yawa ma cinikin maigidansa ne. Ranar Juma'a kuma sahu ɗaya za ku tsaya a Babban Masallaci! Gaba da ƙiyayyar da aya ta 91 ta Suratul Ma'ida ta ambata ke nan.

Dokar Ghana ta 2006 ta amince da caca mai lasisi, amma lasisi ba ya halatta haram, balle benci da ba shi da ko ɗaya. Alhazai masu shaguna, ku riƙa ƙirga ciniki kafin Magariba, ku kuma binciki inda yaranku suke zama bayan Isha'i.