Wasiƙa a Buɗe Zuwa ga Masu Zanen Daji, Duwatsu da Ruwa

Zanen wuri yana ɗauke da abu biyu bayan kamannin wurin: halin da yake jefa zuciyar mai kallo a ciki, da alamomin da ke nuni ga wata ma'ana. Mai neman ƙwarewa a kansu zai ƙaru da nazarin aikin Caspar David Friedrich, Bajamushen da ya rayu daga 1774 zuwa 1840, musamman zanensa na wani mai ibada tsaye a bakin teku. An baje shi a birnin Berlin a 1810, yana kuma ajiye a gidan zane na Alte Nationalgalerie da ke can.

Darasi na farko daga wannan zanen shi ne rabon fili. Sararin sama ya cinye mafi yawan zanen, teku siririn layi ne mai duhu, mutumin kuwa ɗan ƙarami, ya ba mai kallo baya. Ba a ganin fuskarsa, don haka ƙanƙantarsa a gaban halitta ita ke isar da kaɗaici da tsoron Allah. Ya dace mai zane ya yanke inda sama za ta haɗu da ƙasa tun kafin ya dama fenti.

Na biyu shi ne ragewa. Binciken da aka yi wa zanen da na'ura ya nuna Friedrich ya fara zana jiragen ruwa, daga baya ya shafe su. Da sun tsaya, ido zai sami wurin hutawa, nauyin zanen ya ragu. Duk abin da bai taimaki yanayin da ake nufi ba, cire shi ya fi.

Na uku shi ne alama. Ma'anarta tana hannun masu kallo da abin da suka taso suka sani. Hadarin da wani zai ɗauka barazana, manomin Katsina ko Damagaram albishir yake gani a cikinsa idan ya haɗo daga gabas. Haka ma tsohuwar kuka a kufai, ko hazon hunturu da ke dusashe gari, ba sa bukatar bayani a ƙasar Hausa. Alamar da aka aro ba tare da sanin tushenta ba ado ce kawai.

Saboda haka, masu zane su daɗe suna kallon wuri a lokuta daban-daban na yini da na shekara, su tsai da yanayi ɗaya, sannan su zaɓi alamar da wurin da kansa ya bayar.