Jaririn da jikinsa ba ya karɓar nono: zama da cutar galaktosemiya

Batunmu na yau sai mun taka a hankali, domin magana ce a kan jaririn da nono ke yi wa illa, alhali shekara da shekaru ana kiranmu mu shayar da yara nonon uwa zalla har wata 6. Wannan kira yana nan daram. Cutar da zan kawo ba kasafai ake samunta ba: a Turai da Amurka, jariri 1 ne cikin dubu 30 zuwa dubu 60 ke zuwa da ita. Saboda haka kada wata ta karanta ta je ta cire ɗanta daga nono don ya yi tumbuɗi. Amma uwar da abin ya faɗo a ɗakinta ba ruwanta da lissafin dubbai, kuma sau da yawa ita ake ɗora wa laifin da ba nata ba.

Sunan cutar galaktosemiya. Kowane irin nono, na mutum ne ko na saniya, na akuya ko na raƙumi, yana ɗauke da wani sukari da ake kira laktos. Nonon uwa ma ya fi na saniya yawansa, kusan giram 7 a kowane mililita 100. Idan jariri ya sha, hanjinsa zai raba laktos gida biyu, gulukos da galaktos. Gulukos yana wucewa kai tsaye ya zama ƙarfin jiki. Shi kuwa galaktos sai hanta ta sarrafa shi tukuna, da taimakon wani sinadari da likitoci ke kira GALT. Jaririn da aka haifa ba shi da wannan sinadari, ko kuwa nasa ba ya aiki, duk shan da ya yi galaktos ne ke taruwa a jikinsa, yana taɓa hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa da idanu.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne yaron yana zuwa duniya lafiya lau. Sai an yi kwana uku ko huɗu yana shan nono, wato ana tsakiyar shirin suna, a ga ya fara ƙin kama mama, yana amai, jikinsa ya saki, barci ya yi masa yawa. Idanu da fata su yi ɗorawa da shawara, ciki ya ɗan kumbura saboda hanta ta girma, nauyinsa ya ƙi ƙaruwa. Wasu jini kan yi wuyar tsayawa a jikinsu. Mafi haɗari shi ne ƙwayar cutar nan ta E. coli da ke shiga jinin irin waɗannan jarirai cikin sauƙi, kuma tana iya kisa cikin 'yan kwanaki. Yana kuma na iya fitowa a ido tun a makonnin farko.

Ki lura, duk alamun nan ana ganinsu a wasu cututtukan da suka fi wannan yawa nesa ba kusa ba. Shawarar jarirai ruwan dare ce a wurinmu, haka ma cutar da ke shiga ta cibiya. Abin da ya kamata ya sa uwa ta ɗaga murya a gaban likita shi ne shawarar da ta haɗu da amai da ƙin shan nono, ko jaririn da kan farfaɗo idan an sa masa ruwa ta jijiya, ya sake kwantawa da zarar an mayar da shi nono. Sai kuma tarihin gida. Matar da ta binne jarirai biyu ko uku kafin su yi arba'in, duk da irin wannan ciwo, wadda a da sai a ce tana wabi a wuce wurin, ta cancanci a zauna a bincika abin da ke ɗauke mata 'ya'ya.

A Amurka kowace jiha tana gwada jarirai da ɗigon jinin da ake ɗiba a diddige kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa, haka ma ƙasar Ayalan, inda cutar ta yi yawa a tsakanin wata al'umma ta matafiya masu yawan auren junansu. A galibin asibitocinmu ba a yin wannan gwaji, don haka sai likita ya yi zargin cutar da kansa. Akwai gwajin fitsari mai sauƙi da ke ba da haske: a ga sukari a fitsarin jariri, amma da aka duba sai a tarar ba gulukos ba ne. Tabbaci kuwa sai an auna sinadarin GALT a jini. Ga abin da nake so kowace uwa ta riƙe: jaririn da shawara ta yi wa tsanani akan yi masa musayar jini ko ƙarin jini, kuma da zarar jinin wani ya shiga jikinsa, gwajin zai iya nuna lafiya ƙalau har tsawon wata uku zuwa huɗu, domin jinin mai bayarwa ake aunawa. Idan ana zargin cutar, a roƙi a ɗebi jinin gwaji kafin a ƙara masa. Kuma likitoci ba sa jiran sakamako kafin su dakatar da nono, domin jiran ne ke kashewa.

Kada a ɗauka ciwon Turawa ne kawai. Akwai wani nau'insa da ake kira S135L da aka fi samu a tsakanin baƙaƙen fata na Afirka ta Kudu da na Amurka. Wani bincike da aka yi a yankin Cape Town a 2002 ya ƙiyasta jariri 1 cikin 14,400 a tsakanin baƙaƙen fatar can. Masu wannan nau'in su ma suna kwantawa sosai a makonnin farko, sai dai hantarsu na da ɗan ragowar sinadarin, shi ya sa idan an gano da wuri sukan fi samun sauƙi idan sun girma.

Yanzu ga inda abin ya fi ci mini rai. Da an ce nono ne ke sa wa yaro ciwo, sai idanu su koma kan uwa. Nononta ba shi da kyau, a nemo mata jiƙo, a wanke nonon, ko a kai yaron wurin wata mai goyo a cikin dangi ta shayar da shi. Nonon wannan uwa lafiyarsa ƙalau, da za a ba wani jariri zai sha ya yi ɓulɓul. Nonon kowace mace aka ba wannan yaro illar ɗaya ce, na akuya da na saniya ma haka. Gadon cutar kuma irin na sikila ne sak: sai uwa da uba dukansu suna ɗauke da ƙwayar halittar, kowannensu lafiyarsa lau bai ma san yana da ita ba, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 yaron ya zo da cutar. Rabi daga uba ya fito. Ina ganin wannan bayani bai kamata a bar wa mai jego ita kaɗai ta kai gida ba. Maigida da uwar miji su zo su ji daga bakin likita da kunnensu, domin abin da suruka ta ji daga likita ta fi yarda da shi a kan wanda ta ji daga matar ɗanta. Auren zumunci yana ƙara yiwuwar ƙwayoyin biyu su haɗu, wannan gaskiya ne, amma ana samun cutar a gidajen da ma'auratan ba su haɗa komai ba.

Maganin ba allura ba ne, ba ƙwaya ba ne, abinci ne. Jariri zai koma madarar gwangwani ta jarirai da aka yi da waken suya, wadda likita ya zaɓa. Bakwaini kuwa akwai wata ta daban da ake ba su. Madarar waken suya da muke tacewa a gida ba ta isa ta riƙe jariri ba, ba ta da abubuwan ginin jiki da yake bukata. Kuma a yi hattara da madarar manya da aka rubuta wa cewa ba ta da laktos: an raba laktos ɗin ne kawai, galaktos yana nan a ciki. Cikin kwanaki kaɗan da canjin, yawancin jarirai sukan dawo hayyacinsu, hanta ta warke, yanar ido ma takan washe idan ba ta yi nisa ba. Sai ɗawainiya ta biyo baya: tsadar gwangwani duk mako, tafasa ruwa, wanke kofi da cokali kowane shayarwa, da amsa tambayar kowace baƙuwa da ta shigo barka ta ga mai jego ba ta ba da mama.

Bayan yaye aikin ya koma madafa, kuma na har abada ne. Fura da nono, kindirmo, yogot, cuku, shayi da madara, tuwon madara, gullisuwa, alewar madara, askirim, cakulan, duk sun fita. Tsamin kindirmo ba ya kawar da galaktos. Biskit da burodi da kek da yawa ana sa musu garin madara, sai an karanta jikin leda, na mai gashi a unguwa kuma sai an tambaya. Man shanu na kasuwa yakan zo da ragowar nono a jikinsa, kada a sa wa yaron a tuwo sai likita ya amince. Idan za a saya masa magani, a faɗa wa mai kemis cutar da yake da ita, domin akwai maganin taurin bayan gida mai suna laktulos da bai dace da shi ba.

Amma tukunyar Bahaushiya ta fi ta Bature sauƙin gyarawa a nan. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, shinkafa da wake, ɗanwake, ƙosai, alale, dambu, fate, doya, dankali, nama, kifi, ƙwai, duk nasa ne. Fura ma zai sha idan an dama ta da ruwa ko madarar waken suya, kunun gyaɗa kuma a ɗebi nasa kafin a zuba madara. Awara ta halatta gare shi. A da likitoci kan hana tumatir da gwanda da kankana da dabino da wake saboda ɗan galaktos da ke cikinsu, har uwa ta rasa abin da za ta dafa. Ƙa'idar da ƙwararru na ƙasashe daban-daban suka fitar a 2017 ta sassauta wannan, ta ce a bar yara su ci kayan lambu da 'ya'yan itace da wake. Dalili kuwa shi ne an gano jikin mutum da kansa yana ƙera galaktos kullum, fiye da abin da zai samu daga tumatirin miya. Tunda babu nono a abincinsa, sai an kula da sinadarin kalsiyam da bitamin D saboda ƙashi, kuma yawanci likita kan rubuta na sha.

Inda aka fi samun matsala ba a ɗakin uwa ba ne. Gidan kaka ne, inda ake cewa ɗan kurɓi ɗaya ba zai yi komai ba. Gidan biki ne, da bakin makaranta inda ake sayar da alewa. Yaro ɗan shekara 3 zai iya koyon cewa "ba na shan madara" kafin ya karɓi abu a hannun kowa, kuma yayyensa su ne 'yan gadinsa mafi kyau idan an yi musu bayani maimakon tsawa.

Wancan galaktos da jiki ke ƙerawa yana cikin abubuwan da masana ke dangantawa da wani lamari mai nauyi, wanda gara uwa ta ji shi tun da wuri. Ko an kiyaye abinci ɗari bisa ɗari, yara da yawa masu nau'in cutar mai tsanani sukan yi jinkirin magana, wasu karatu ya yi musu wuya, musamman lissafi, wasu hannunsu na rawa. Wannan ba alamar uwa ta yi sakaci ba ce, kuma ƙara tsananta abinci ba ya hana shi. Abin da ke taimakawa shi ne a lura da maganar yaro tun yana shekara 1 zuwa 2, a kai shi wurin masu koyar da furuci idan ya makara, a kuma sanar da malaminsa kada a riƙa dukansa a kan daƙiƙanci.

'Ya'ya mata suna da nasu ƙarin nauyin. Fiye da kashi 80 cikin 100 na masu nau'in mai tsanani, ma'ajiyar ƙwansu kan daina aiki da wuri. Wata ba za ta fara al'ada ba sai da taimakon magani, wata ta fara ta ɗauke tun tana budurwa. Shi ya sa ake so likita ya fara bibiyar yarinya tun tana wajen shekara 10 zuwa 12, domin maganin da ke tayar da balaga yana kare mata ƙashi ma. Haihuwa takan yi wuya, amma ba a rufe ƙofa ba, akwai waɗanda suka yi ciki suka haihu, kuma suna iya shayar da 'ya'yansu nono. A ganina wannan magana ce da za a yi da yarinya a hankali tun kafin manema su fara sallama, a kuma gaya wa wanda ya fito da gaske. Ɓoyewa sai ta kai ta gidan da za a yi ta ƙirga mata watanni.

Idan kuma uwar ta sake samun ciki, ba sai ta daina shan nono ko madara ba, hakan ba ya canza komai ga ɗan da ke ciki. Abin da ake bukata shi ne ta gaya wa masu awo tun zuwan farko cewa tana da ɗa mai galaktosemiya, ta haihu a asibiti, gwangwanin madarar waken suya na cikin kayan haihuwarta. Sabon jaririn zai fara da ita har sakamakon gwaji ya fito, ita kuma tana tatse nononta don kada ya ƙafe. Sau 3 cikin 4 sakamakon kan nuna yaron ba shi da cutar, a ɗora mata shi a ƙirji ya kama mama.