Ra'ayi: An dasa itace a Ƙonni, wa zai ba shi ruwa?

Kowace shekara ranar 3 ga watan Agusta, Nijar na haɗa bikin samun 'yancin kai da dashen itatuwa, al'adar da ta faro tun 1975, zamanin Seyni Kountché. A Birnin Ƙonni, kamar sauran garuruwa, hukumomi kan fito, a haƙa rami, a sa dashe, a ɗauki hoto. Damina kan riƙe dashen zuwa ƙarshen Satumba. Daga nan sai rani na wata takwas, ga awaki, ga masu neman makamashi. Da wuya a ji wani ya tambayi nawa ne suka kai watan Afrilu cikin waɗanda aka dasa bara.

Ƙonni gari ne na kan hanya. Babban titin Yamai zuwa Damagaram ya ratsa shi, Illelar Najeriya na nan kusa, manyan motoci ba sa yankewa. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. A irin wannan gari inuwa maganar lafiya ce. Matashin da ba shi da wurin zama, bakin kwalta yake kafa fadarsa ta shayi, cikin ƙura da hayaƙi. Yara kan buga ƙwallo a lungu suna kauce wa 'yan kabu-kabu. Mata kuwa ba a ma cika sa su a lissafi ba idan ana zancen wurin shaƙatawa.

Nauyin nan yana da mai shi. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004, da kuma dokar 2010 da ta tsara ayyukansu, tsabtar gari, kasuwanni, tashoshin mota da filayen jama'a suna wuyan ma'aikatar magajin gari. A Afrilun 2024 gwamnatin mulkin soja ta rusa zaɓaɓɓun majalisun, ta naɗa kantomomi. Kujerar ta canza mai zama, aikin yana nan yadda yake. Hasali ma, tunda babu kansilan unguwa da talaka zai tare a ƙofar gida, kantoma ne ya fi cancanta ya buɗe wa jama'a littafinsa.

Masu kare hukuma za su ce asusu babu kuɗi, kuma kwashe shara da yashe magudanai sun fi gaggawa. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai kula da fili ɗaya bai kai kuɗin gina shi ba: shinge, mai gadi, da amalanken jaki mai tanon ruwa. Garin da ake yanka tikiti a kasuwarsa da tasharsa kowace rana ba zai rasa wannan ba. Asarar gaske ita ce a kashe kuɗi a ƙawata wuri, a yanka kyalle, bayan shekara biyu ya koma juji da matattarar leda.

Ba sai an je nesa neman darasi ba. A kwarin Maggiya, cikin jihar Tahoua, ƙungiyar CARE da ma'aikatar gandun daji sun fara dasa dogon yaro layi-layi a 1975 don tare iskar da ke cinye gonaki. Abin da ya raya dashen shi ne masu gadi da aka ɗauka su kore dabbobi har itatuwan suka fi ƙarfin baki. Manoman fadamar Ƙonni, da ke shan ruwan madatsun Mozague da Zongo, su ma sun san cewa hanyar ruwan da ba a biya kuɗin gyaranta ba, yashi ke gadonta. A ɗaya gefen kuma akwai dajin da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965. Awon filaye da gine-gine sun ci babban ɓangarensa, domin kowa na cewa na gwamnati ne, babu mai tsaya masa. Ƙonni na faɗaɗa, kuma filin da babu shinge, babu allo, shi ne farkon abin da idon mai kuɗi ke faɗawa a kai.

Don haka matakin farko ba ya cin ko dala. Ma'aikatar magajin gari ta fitar da jerin filayen da taswirar awo ta ware wa jama'a, unguwa-unguwa, ta liƙa a ƙofarta, a karanta a gidajen rediyon gari. Filin da mutane suka san nasu ne yana da wuyar sayarwa a ɓoye.

Na biyu, kada a sa dashe ko ɗaya sai an rubuta kuɗin ban ruwa da gadinsa na shekara uku a kasafin kuɗi. Ranar 3 ga Agusta mai zuwa kuma, kafin a haƙa sabon rami, a faɗa wa jama'a adadin na bara da suka rayu.

Na uku, a damƙa kowane fili ga fada ko ƙungiyar matan unguwa, da yarjejeniya a rubuce a gaban mai unguwa. Mai shayi ko mai tsire da aka ba gefe ɗaya, kuɗin hayarsa ya tafi ga mai gadi. Malbaza da Illela ta jihar Tahoua na iya bin wannan hanya.

'Yan ci-rani da ke Legas, Abijan ko Libiya suna da tasu rawa. Da yawansu kan yi karo-karo don aikin gida. Kafin su aiko da kuɗin benci ko famfo, su nemi ganin takardar da ta tabbatar filin na jama'a ne, da sunan wanda zai kula da shi. In babu waɗannan biyun, an zuba ruwa a rariya.

Dogon yaron da aka dasa bana sai ya yi shekaru kafin a zauna ƙarƙashinsa, lokacin wataƙila kantoman yau ya daɗe da barin kujera. Shi ya sa aikin ba ya jan hankalin mai son yabo da wuri. Amma mutanen gari za su zauna a inuwar, kuma su ne ya kamata su riƙa tambaya, daga Oktoba har Yuni, wa ke ba dashen ruwa.