Yadda Za Ku Ji Motsin Ɓarawo Tun Yana Bayan Danga

A ƙasar Magarya da ta Dungas dukiyar talaka ba a cikin ɗaki take kwana ba. Tumaki da awaki suna turke, rumbu yana bakin danga, shanun huɗa da amalanke suna ƙofar gida. A shekarun nan kuma an sami ƙarin kaya masu kwana a fili. Da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, man da ake shigowa da shi ya yi tsada, sai masu lambu da dama suka juya ga injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. A watan Agusta na wannan shekarar, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Watannin duhun nan sun sa gidaje da yawa sayen farantin sola da batir. Kaya ne masu tsada, marasa nauyi, mutum ɗaya yana iya saɓa su a kafaɗa.

Gundumomin nan biyu suna bakin iyaka. Daga Magarya ana shiga Babban Mutum a jihar Katsina, daga Dungas kuma ana zuwa Maigatari a jihar Jigawa, inda babbar kasuwar dabbobi take ci ranar Alhamis. Wannan kusanci alheri ne ga ciniki. Amma shi ne kuma yake sa ragon da aka kwance da tsakar dare, aka ɗora a babur, ya kwana a wata ƙasa kafin mai shi ya fito sallar asuba. Bin sawu bayan gari ya waye ba ya cika amfani. Abin da ya fi shi ne ku farka tun ɓarawo bai kai ga turke ba.

Mu bambance abu biyu tun yanzu. Ana maganar ɓarawon dare ne mai sanɗa, wanda yake tsoron a gan shi. Ƴan bindiga irin waɗanda suka addabi yankunan Madarunfa da Gidan Runji a jihar Maradi wata matsala ce dabam. Idan kuka ji harbi, kada ku fita. Wannan aikin jami'an tsaro ne.

Kafin ku sayi komai, ku zagaya gidanku da yamma, ku dube shi da idon ɓarawo. Ina danga ta faɗi? Ina inuwa ta fi duhu? Wace bishiya ce take taimakon mai hawan katanga? Sau da yawa hanyar shiga ba ta wuce biyu ko uku. Ku toshe sauran wuraren da ƙaya. Reshen magarya, bishiyar da garin ya ci sunanta, yana yin shinge mai wuyar ƙetarewa, shuken aguwa kuma yana daɗewa. A sauran hanyoyin da suka rage ne za ku sa abin ƙara.

Mafi sauƙi shi ne gwangwani da tsakuwa. Ku sami gwangwanayen tumatir ko na madara, ku zuba ƴan tsakuwa a kowane, ku rataye su biyu-biyu yadda za su bugi juna. Ku ja zare siriri mai ƙarfi, mai duhun launi, a tsayin gwiwa, a cikin danga ba a waje ba. Ga kuskuren da mutane suka fi yi: suna rataye gwangwanin a can inda zaren yake. Ƙarar takan tsaya a bayan gida, mai gida yana ta barci. Ku ja ƙarshen zaren har bakin tagar ɗakin kwana, ku rataye gwangwanin a nan. Ta haka ku ne za ku ji, ba shi ba.

Wanda yake da tsohon batirin babur da hon yana iya ƙara ƙarfin abin. Ku sami matsen katako da ake kama tufafi da shi a igiyar shanya. A kowane gefe na bakinsa ku ɗaura ƙarshen waya da aka fere, yadda za su haɗu idan bakin ya rufe. Waya ɗaya ta tafi batir, ɗaya ta tafi hon, wata kuma ta haɗa hon da ɗaya kan batirin. Sai ku sa guntun roba tsakanin wayoyin biyu, ku ɗaure shi da zaren. Idan ƙafa ta ja zaren, robar ta fita, wayoyin suka haɗu, hon ya ɗauka. Duk yaron da ke gyaran babur a kasuwa zai haɗa muku shi. Ku rufe batirin da matsen kada ruwan damina ya taɓa su.

Akwai kuma fitilar sola mai kunna kanta idan mutum ya gifta. Ɗumin jiki mai motsi take ji, daga nisan ƴan mitoci kaɗan. A kafa ta sama da tsayin mutum, tana kallon hanyar shiga, ba garken ba, domin akuya da kyanwa ma suna da ɗumin jiki. Ku san rauninta: a tsakiyar bazara, lokacin da katanga da iska suke da zafi kusan kamar jikin mutum, jinta yana raguwa. Da hunturu kuma ƙura tana rufe farantinta, sai ta mutu kafin asuba idan ba a goge ba. A ganina kare mai haushi da zabbi masu kwana a bishiyar gida sun fi fitilar nan aminci, fitilar taimako ce kawai.

Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne jona wa waya ko danga wutar lantarki ta gari. Wutar ba ta san ɓarawo ba. Yaron da ya biyo kaza, ko matar gida da ta fita da asuba, su ne za ta fara kamawa, kuma wanda ya jona ta shi zai amsa a gaban shari'a. Haka rami mai tsini da tarkon ƙarfe. Kada kuma ku ja zare a kan hanyar jama'a ko burtali. Dokar makiyaya ta 2010 ta tabbatar wa masu kiwo haƙƙin wucewa da dabbobinsu, kuma bai dace a tashi unguwa a kan makiyayin da yake bin hanyarsa ba.

Saura tambaya mafi nauyi: idan ƙara ta tashi, wa zai fito, kuma me zai yi? Gida ɗaya ba ya tsare kansa. Ku zauna da maƙwabta a gaban mai gari ko mai unguwa ku daidaita alama ɗaya, kamar busa usur sau uku. Wanda ya ji ya haska tocila, ya ɗaga murya, amma kada kowa ya bi mutum shi kaɗai cikin duhu. Ku rubuta lambar wayar mai gari da ta jandarma a bangon zaure da manyan baƙaƙe. Wanda ya koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci ya buɗe littafi, ya rubuta launi da alamar kowace dabba ta gidan, domin da wannan ake shaida ta a kasuwa.

Idan an kama mutum, a tsare shi ba duka, a miƙa shi ga hukuma. Taron da ya fusata cikin dare ba ya tambaya, kuma wanda ya ja zaren yana iya zama baƙo ne da ya ɓata hanya, ko mai taɓin hankali.

Ku gwada abin ƙararku kowane mako, musamman idan Babbar Salla ta matso, lokacin da rago yake tsada. Ku riƙa sauya wurin zaren, ku ɗaura shi bayan isha'i, ku kwance shi kafin yara su tashi, domin mai zuwa da dare sau da yawa ya taɓa shiga gidan da rana.