Idan dole sai motar ƙarfi ta Amurka a Minna, ga wadda zan zaɓa

Jama'a, wannan rubutu zai ɗan yi tsawo, wanda yake da jarabawa gobe ya ajiye ya dawo.

Shekaranjiya da yamma muna tsaye a bakin get ɗin Gidan Kwano muna jiran motar shiga gari, sai ga wata Chevrolet Camaro baƙa ta wuce. Kowa ya waiga, har mai sayar da lemo. Abokina da muke digiri na biyu tare ya dafa ni ya ce, “Malam, ka ga motata nan, saura kaɗan.” Na ɗauka wasa yake. Ashe da gaske ne: an raba musu gado, kasonsa na gona yana hannu, kuma wani dillali ya turo masa hoton Camaro mai silinda shida a WhatsApp, wai ta ɗan daki wani abu ta gaba kawai. Mun kai kusan sha biyun dare muna gardama. Abin da na gaya masa ne zan faɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Kafin a ce baƙin ciki nake yi, ni ma masoyin waɗannan motoci ne tun ina sakandare. Injiniyancin kanikanci na karanta, kuma har yau idan na ji rurin inji mai silinda takwas sai na dakata da abin da nake yi. Don haka ba zan zo da wa'azin “ka sayi Corolla ka huta” ba. Wanda yake son Mustang ya san Corolla ta fi sauƙin riƙo, ba labari kake ba shi ba. Tambayata ita ce: idan mutum ya yanke sai ya saya, kuma a Minna zai hau, wacce ce ba za ta tona masa asiri ba?

Uku ne ake magana a kai: Ford Mustang, Chevrolet Camaro, sai Dodge mai 'ya'ya biyu, Challenger da Charger. Abu na farko da yawancinmu ba mu lura da shi ba shi ne, biyu daga cikin gidajen sun rufe wannan babi. A Disambar 2023 aka daina ƙera Camaro, a watan ne kuma Dodge ta tsayar da Challenger da tsohuwar Charger a masana'antarta ta Brampton da ke Kanada. Mustang ce kaɗai ba a taɓa yanke ƙera ta ba tun 1964. Wannan ba tarihi ba ne kawai. Motar da aka daina yi, fitilarta da bambarta da gilashinta sai dai su riƙa ƙara wuya da tsada, kuma a titin da keke Napep da 'yan acaba suke gogar mutum kullum, waɗannan ne kayan da za ka fi saya.

Camaro ce ta fara fita daga lissafina, duk da ita ta fi ɗaukar ido. Duk wanda ya taɓa zama a cikinta ya san matsalar: tagogi ƙanana, rufi ya danno ƙasa, kana ciki kamar kana leƙe ta ramin ƙofa. Su kansu masu sharhin motoci a Amurka sun daɗe suna kukan haka. To ka kawo wannan shataletalen Kpakungu da ƙarfe biyar na yamma, mashin ta hagu, mashin ta dama, yaro yana tsallakawa da tire a ka. Ba maganar kwalliya ba ce, maganar ran mutane ce.

Mustang GT kuwa, gaskiya ita zuciyata take so. Injinta mai lita 5.0 da ake kira Coyote, a ƙirar 2018 yana ba da ƙarfin doki 460, kuma dangin injin ne da ke cikin F-150, saboda haka bakanike mai ilimi a Apo ta Abuja ba zai tsorata da shi ba. Amma ƙofa biyu ce, kujerar baya kuma ta ajiye jaka ce. Mu 'yan Arewa mun san mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Ranar da Hajiya ta ce ka kai ta asibiti, ko ka ɗauko gwaggo daga tasha, za ka ce ta sunkuya ta kutsa baya ne? Ka amsa wa kanka.

Shi ya sa na tsaya a kan Dodge Charger R/T, daga ƙirar 2015 zuwa 2023. Ƙofa huɗu, but mai faɗi, inji Hemi mai lita 5.7 da ƙarfin doki 370. Wani zai ce ai ba ta kai Mustang ba. Haka ne, amma a gaya mini titin da za a ƙure doki 370 tsakanin Bosso da Chanchaga. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, wannan injin shi ne a cikin Ram 1500 da Durango da Chrysler 300 da Jeep Grand Cherokee da yawa, don haka kayansa na ciki sun fi samuwa a Ladipo. Yana da tsarin da yake kashe silinda huɗu idan kana tafiya a hankali a kan hanya, ya rage shan mai. Sannan bai cika tsirfa a kan ingancin fetur ba kamar manyan yayyensa. Wannan na da muhimmanci, domin a Amurka mutum yana zaɓar fetur kala uku a famfo, mu nan abin da aka zuba maka shi ke nan.

Yana da nasa ciwon, kar a ce na ɓoye. Masu Hemi sun san wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, da ke fitowa daga saman injin idan lifta ta fara cinye kamshaf, kuma makanikai da yawa suna danganta ta da barin mota tana aiki a tsaye da jinkirin canza baƙin mai. Mu kuwa a zafin Maris da Afrilu na Minna, al'adarmu ce a faka a ƙarƙashin bishiya a kunna AC a yi awa guda ana hira. Wanda zai riƙe wannan mota sai ya bar wannan ɗabi'a, kuma ya bar baƙin man da ake aunawa a galan a bakin titi.

Masu mafarkin Hellcat, Allah ya ba ku. Doki 707 ne lokacin fitowarta a 2015, tana buƙatar fetur mai inganci sosai, kuma a Amurka tana cikin motocin da aka fi sacewa. Idan an kawo maka ita da araha, ka fara tambayar kanka daga ina.

Nan ne ma inda na fi matsa wa abokina. Yawancin waɗannan motoci da ke shigowa ta Tin Can daga gwanjon motocin haɗari suke, irin su Copart, inda kamfanonin inshora suke zubar da abin da suka ga gyaransa bai biya ba. Wata karo ta yi, wata ambaliya ce ta shanye ta. Kuma ka tuna wane ne yake sayen motar gudu sabuwa, da yadda yake tuƙa ta. “Ta ɗan daki abu ta gaba” na iya nufin jakar iska ta fashe an ɗinke sitiyari, ko shasi ya karkace an buga shi da guduma. Ka karɓi lambar VIN, haruffa da lambobi 17 ne, ka saka a Google. Sau da yawa hotunan gwanjon suna nan, za ka ga motar yadda take kafin fenti. Dillalin da ya ƙi ba ka lambar ya riga ya ba ka amsa. Ka kuma tantance takardun kwastan, kar a tsayar da kai a hanyar Suleja a kwashe gadon gaba ɗaya.

Sai mai. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Silinda takwas a cikin gari kilomita shida zuwa bakwai take yi a lita. A ce kana yin kilomita 40 a rana, lita shida ke nan. Ko a naira 900 ka lissafa, kwana 22 sun kai ka kusan naira 120,000, alhali alawus ɗin ɗan hidimar ƙasa 77,000 ne. Ba a zo maganar taya ba, kuma rim mai inci 20 da siririyar taya ba sa jituwa da ramukan da tireloli suka haƙa a hanyar Bida. Rami ɗaya da daddare ya isa.

Game da mai silinda shida da abokina yake so, ra'ayina ba zai yi wa wasu daɗi ba. Za ka biya tsadar kayan jiki iri ɗaya, ka sha wahalar tudun rage gudu iri ɗaya, amma rurin da ya sa ka so motar tun farko babu shi. Daga nan sai a je a yanke salansa don ta yi ƙara, a hana unguwa barci. Idan kuɗinka bai kai na takwas mai tsabtar tarihi ba, tare da ajiyar gyara na aƙalla shekara guda a gefe, to lokaci bai yi ba tukuna.

Kuma don Allah, wanda Allah ya hore wa, ban da wasan mota a wurin biki ko cikin makaranta. Waɗannan motoci da tayoyin baya suke ja, ka taka da ƙarfi a kan yashi sai gindin ya juya ya nufi mutane. Bidiyon Mustang tana afka wa 'yan kallo sun cika intanet har sun zama abin zolaya.

Abokina dai bai ce ya fasa ba. Amma jiya da safe ya turo mini lambar VIN ɗin, muka duba tare. Motar tana cikin ruwa har rabin ƙofa a hoton gwanjon. Yanzu ya koma tambayata farashin Charger, ni kuma na ce masa ya fara biyan kuɗin makaranta na zangon nan, mu gama aikin bincikenmu, sannan mu shiga motar haya mu je Abuja mu duba da idonmu. Wanda yake da ɗaya daga cikinsu a Minna ko Bida, ya faɗa mana nawa ya kashe a gareji bara.