Hular kwanon fam 40 da na saya a kantin araha 🧵

1/ Jiya na ɗora hoton hular kwanona, wani ya ce min wai "kai da ranka ka sayi hula a inda ake sayar da madara da tumatir?" Mutane suka yi ta dariya, har da abokaina. To yau zan ba da amsa. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Ga wanda bai san ni ba: ɗalibi ne ni a Manchesta, ina aji biyu a jami'a. Kuɗin bas da jirgin cikin gari sun ishe ni, sai na tara abin da nake samu a aikin ƙarshen mako na sayi tsohon babur mai ƙarfin 125cc. Da shi nake zuwa makaranta da wurin aiki.

3/ A nan ba a hawa babur haka kawai. Sai ka yi horon yini guda da ake kira CBT, ka liƙa alamar L ta ɗan koyo, takardar kuma shekara 2 take yi. Ga inshora. Hular kwano kuma dole ce a doka tun 1973. Kafin in gama biyan waɗannan, wallahi aljihuna ya yi ƙaf.

4/ Na shiga shagon 'yan babur neman hula. Na ɗauki wata Shoei, na juya na ga farashi, na mayar da ita a hankali kamar ƙwai. Manyan hulunan irin su Arai da Shoei suna kai fam 500, wasu su wuce. Kusan rabin kuɗin babur ɗina ke nan.

5/ A nan kantunan araha suke shigowa. Aldi da Lidl 'yan asalin Jamus ne, kayan abinci suke sayarwa, amma suna da layi a tsakiyar kanti da kaya ke canzawa duk Alhamis da Lahadi. Wannan makon tukunya da barguna, wani makon injin huda bango.

6/ Lokaci-lokaci, yawanci in sanyi ya fara ja baya, sai su kawo kayan babur: hula, safar hannu, rigar ruwa, riga mai sulke a kafaɗa da gwiwar hannu. Lidl da sunan Crivit, Aldi da sunan Crane. Kuma in sun ƙare sun ƙare, sai wani zagayen.

7/ Ra'ayina a taƙaice: hular kantin araha ba abin kunya ba ce, kuma tana iya ceton ranka. Amma da sharaɗi biyu. Ta ci jarrabawar da hukuma ta gindaya, kuma ta zauna daram a kanka. In ɗaya ya faɗi, ko ta fam 600 ce, ka yi asarar kuɗinka.

8/ Mu fara da jarrabawar. Akwai ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hulunan babur, ana ce mata ECE 22. Tsohon zubin shi ne 22.05, sabon kuma 22.06. Duk hular da ta ci, za ka ga ɗan ƙyalle an ɗinka, galibi a jikin igiyar haɓa, da harafin E da lamba cikin da'ira.

9/ Lambar tana nuna ƙasar da ta ba da shaidar. E1 Jamus, E3 Italiya, E11 Birtaniya. Sai wata doguwar lamba da ke farawa da 05 ko 06. Sai harafi: P na nufin an gwada kariyar haɓa, J na nufin buɗaɗɗiya ce ba ta rufe haɓa. Duba wannan bai kai minti ɗaya ba.

10/ Yadda ake gwajin: a saka kan gunki mai na'urar awo a cikin hular, a sako ta kan maƙera da gudun mita 7.5 a daƙiƙa, wato kilomita 27 a awa, a auna girgizar da ta isa kan. A ja igiyar a ga ko za ta tsinke. A gwada ko hular za ta sulle daga kai.

11/ Sabuwar 22.06 ta ƙara tsanani. An ƙara wuraren da ake bugawa, an ƙara bugu mai sauri da mai sanyi, sannan an kawo bugun karkace. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don a hatsari kai ba ya faɗuwa a miƙe. Murɗawar nan ce take jijjiga ƙwaƙwalwa.

12/ To na'urar gwajin nan ba ta san farashi ba. Hular fam 40 da ta fam 500, in dai duk 22.06 ne a jikinsu, matakin nan ɗaya suka tsallake. Mai tsadar tana iya wuce matakin da nisa, ban musa ba. Amma mai arahar ma ta haye, kuma shi ne abin da doka ta nema.

13/ Ƙari a kan haka, ma'aikatar sufurin Birtaniya tana da shiri mai suna SHARP tun 2007. Suna sayen huluna a kasuwa kamar kowa, su yi musu nasu gwajin, su ba da tauraro 1 zuwa 5. Ku shiga shafinsu. Za ku ga masu araha da tauraro 4 ko 5, ku ga masu tsada da 3.

14/ Yanzu sharaɗi na biyu, inda ni da kaina na kusa yin wauta. Ranar da kayan suka zo na makara, na isa bayan lacca. Awon kaina santimita 58 ne, wato M. Duk an kwashe M, saura L da XL. Na ce ai bambancin kaɗan ne, na ɗauki L na biya.

15/ Washegari na kai wa dattijon da ya koya min tuƙi, ina ta murna. Ya ce in saka in ɗaure. Ya kama bayan hular ya turo ta gaba, sai ga ta ta rufe min ido, saura ƙiris ta fita. Ya ce min: "Ɗana, wannan za ta riga ka isa ƙasa." Kunya ta kama ni.

16/ Na mayar, aka ba ni kuɗina. Na zagaya rassa uku kafin in samu M. Da na saka sai na ji ta matse min kumatu kamar ana tsotsar lemo, na ɗauka ta yi kaɗan. Ashe haka ake so. Soson ciki yana saki da amfani, sabuwar da ta yi maka sakwa-sakwa gobe sai ta fi haka.

17/ Ga yadda ake gwadawa. Auna kanka da tef ɗin tela, ɗan sama da gira. S wajen 55 zuwa 56 ne, M 57 zuwa 58, L 59 zuwa 60. Saka, ɗaure, yatsa biyu kawai ya shiga ƙarƙashin igiya. Girgiza kai: fatar fuskarka ta bi hular. Bar ta minti goma, ka ji ko tana cizon goshi.

18/ Wannan shi ne babban raunin saye a kantin abinci, kuma gaskiya ne. Ba wanda zai auna ka. Ma'aikacin da ke kusa yana jera burodi ne. Kaya kaɗan ne, mutane na rububi, zuciyarka na ce maka ɗauka kafin wani ya ɗauke. Gaggawar nan ta fi arahar haɗari.

19/ Sai ranar da aka gwada ni. Watan Nuwamba, da daddare, ina dawowa daga aiki. Wanda ya san Manchesta ya san ruwanta ba ya ɗaukewa. Na shiga shataletale, ganye ya jiƙe a kan kwalta, na taɓa birkin gaba. Ban san lokacin da na kai ƙasa ba.

20/ Guduna bai fi kilomita 30 ba. Amma haɓata ce ta fara dukan kwalta, na ji ƙarar a cikin kunnena. Na tashi da ƙafata. Gaban hular ya goge har fenti ya tafi. Na daɗe ina kallon wurin, don da buɗaɗɗiya na saka, wannan gogewar a muƙamuƙina za ta kasance.

21/ Hannuna kuwa bai tsira ba. Safar da na saka a intanet na saye ta, fam 8, baƙa mai kyan gani da robobi a kan yatsu. Ba wata shaida a jikinta. Ɗinkin ya buɗe nan take, tafin hannuna ya sha kwalta. Sati uku ina rubutu da kyar, ga jarrabawa a gaba.

22/ Ku lura: duka biyun masu araha ne. Ɗaya an gwada ta, ɗaya ba wanda ya taɓa gwada ta sai ni da fatata. Shi ya sa nake jin haushi in aka haɗa su a kwando ɗaya aka ce "kayan araha". Ba jinsinsu ɗaya ba ko kaɗan.

23/ Sauran kaya ma suna da tasu shaidar. Safar hannu EN 13594. Takalmi EN 13634. Riga da wando EN 17092, da daraja A, AA ko AAA, AAA ce ta fi jure gogar kwalta. Sulken kafaɗa da gwiwa EN 1621-1, mataki 1 ko 2. Nemi ɗan hoton mai babur a jikin ƙyallen.

24/ A yi hattara da wata dabara: riga tana iya ɗauke da sulke mai shaida alhali ita kanta rigar ba a gwada ta ba. Sulken zai tare bugu, amma in yadin ya yage ko ɗinki ya ɓalle, sulken ya bar wurinsa. Karanta ƙyallen ka ga lambar rigar ce ko ta sulken kawai.

25/ Don adalci, mai tsada tana da abin da take ba ka. Ba ta da nauyi, wuya ba ya gajiya. Iska na shiga. Ƙarar iska ba ta cika kunne. Gilashin ba ya saurin yin hazo. In ya karce kuma ka samu wani. Tawa kuwa da gilashi ya karce, neman irinsa ya zama aiki.

26/ Wanda yake tafiyar awa uku a babbar hanya kullum, ko yake tsere, ya sayi mai tsada, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Ni tafiyata minti 20 ce a cikin gari. Abin da nake buƙata daban ne da nasa, kuma aljihuna ma daban.

27/ 'Yan babur a nan suna da wata magana: wai in kanka na fam 40 ne, sa hular fam 40. Tana da daɗin faɗa. Amma ku duba abin da take jawowa. Yaron da ba shi da 500, aka kunyata shi kan ta 40, ina zai je? Gwanjo. Ya sayi tsohuwar babbar hula don sunan da ke goshinta.

28/ Kuma gwanjo a hula shi ne mafi muni. Abin da ke ceton ka farin soson nan ne na ciki, irin wanda ake naɗe sabon firij da shi. Aikinsa ya murƙushe ya shanye bugu, sau ɗaya tak. Bayan nan ba ya komawa. Daga waje hular na iya yin ƙyalli alhali cikin ya mutu.

29/ Shi ya sa tawa, duk da ta cece ni, na yanke igiyarta na jefar, don kada wani ya tsinta ya saka. Na sayi sabuwa. Da ta 500 ce, na rantse da sai na yi ta lallaɓa ta ina cewa ai gogewa ce kawai. Masu ƙera huluna ma suna ba da shawarar canji bayan kamar shekara 5.

30/ Na san da yawanku a gida kuke karanta wannan, kuna cewa mu ina ruwanmu da Lidl. Da ruwanku fa. A ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta saka hular kwano a Najeriya. Manyanmu sun tuna abin da ya biyo baya: 'yan acaɓa da ƙwarya a kai.

31/ Mun yi dariya, har kafofin waje suka ɗauka. Amma har yau abin da ake sayarwa a bakin kasuwa da sunan hular babur, da yawa ƙwaryar ce ta roba. Matsa gefenta da hannu ta lanƙwashe. Leƙa ciki ba farin soso, sai ɗan yadi. Wasu kuma hular magina suke sakawa, ita don bulo mai faɗowa aka yi ta.

32/ Wani babban nazarin Cochrane da ya tattara bincike da dama ya nuna hula na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Amma hula ta gaske ake nufi, a ɗaure. Wadda aka ɗora a kai igiya na lilo, ko aka rataye a madubi, ba ta cikin lissafi.

33/ Na san zafi. Na san a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato rufe kai azaba ce. Na kuma san masu cewa in kwana ya ƙare ya ƙare. Haka ne. Amma ba kowane hatsari ne ke kashewa ba. Wani yana barin mutum a kwance shekaru, uwarsa na ba shi abinci a baki. Wannan nake tsoro.

34/ Ban faɗa wa Umma na faɗi ba sai bayan wata biyu. Da na nuna mata hoton hular a waya ta yi shiru, can ta ce: "Nawa ka ce ka saye ta?" Na ce fam 40. Ta ce: "To ka sayi wata ka aiko wa ƙaninka." Shi ma babur yake hawa zuwa makaranta, da hular zanna a kai.

35/ Na sa ya auna kansa da tef kafin in saya. 56 ne, S. Yanzu abokansa na kiransa ɗan sama jannati. Na ce ya ƙyale su.

36/ In za ka saya, ko a Turai ko a Sabon Gari: juya igiyar ka nemi E da lambarta, danna cikin ka ji soso mai kauri da tauri, saka ka ɗaure ka sa wani ya gwada cire ta. Jabun tambari ma akwai, don haka in hular ta yi shafal kamar roba, ajiye ta ko me aka rubuta.

37/ Wanda ya yi min dariya jiya, ba komai malam, na yafe. Amma ka juya igiyar taka ka turo mana hoton abin da ke rubuce. Masu babur a cikinku ma ku turo, mu duba tare. Ku tura wa duk wanda kuka san yana hawa. Allah Ya tsare mu a hanya, amin.