Makaho da sanarwar gwamnati

Tun shekarar 2008 ƙasarmu Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 9 ya ambaci intanet ƙarara. To, ina aka kwana?

Makaho yana karatu ne da manhajar da ke furta masa rubutu a kunne, kamar NVDA, wadda kyauta ce. Amma hoto yakan gagare ta. Ma'aikatunmu kuwa sun saba ɗaukar hoton takarda mai hatimi su manna a Facebook, ko da sanarwar jarrabawar ɗaukar ma'aikata ce. Sai ranar rufe rajista ta wuce makaho bai ji ba.

Gyaran ba ya cin ko dala: sakatare ya buga kalmomin a ƙarƙashin hoton. Saura ministoci su ba da umurni a rubuce.